Shaidu Biyu a kan Aman Wutar Dutsen Vesuvius



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne wani bala'i da ya auku a ƙasar Italiya cikin shekara ta 79 Miladiyya, wato shekara 543 kafin Hijira, sa'ad da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne garuruwan Pompeii da Herculaneum da Stabiae, tare da gonaki da ƙauyukan da ke kewaye da su. Labarin sananne ne, an rubuta littattafai a kansa, an kuma nuna shi a silima. Ni abin da nake so mu duba shi ne hanyar da aka bi har aka san yadda al'amarin ya gudana. Alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin shaidu, haka nan masanin tarihi. A wannan shari'a shaidu biyu gare mu. Na farko wasiƙu biyu ne na wani mutum da ya ga abin da idonsa yana saurayi. Na biyu kuwa tokar da dutsen ya zubar ce, wadda ke kwance hawa-hawa har yanzu. Sai da aka yi kusan ƙarni goma sha tara kafin a iya zaunar da shaidun nan wuri ɗaya, a auna maganar wannan da ta wancan, kuma daga wannan ƙoƙari ne wani babban reshe na ilmin duwatsu masu aman wuta ya tsiro.

Dutsen yana bakin tekun Napoli ne, a lardin da Rumawa ke kira Campania. Ƙasa ce mai albarka ƙwarai, domin tokar da dutse ya amayar, in ta daɗe ta ruɓe, takan zama taki. Inabi da zaitun suna yi sosai, attajiran birnin Rum kuma sun giggina gidajen shaƙatawa a gaɓar teku. Pompeii garin kasuwanci ne mai mutum kamar 11,000, nisansa daga bakin dutsen kilomita 10. Herculaneum bai kai rabinsa ba, amma ya fi shi kusa da dutsen. A idon mutanen wancan zamani Vesuvius tudu ne kawai mai itatuwa da gonakin inabi. A kansa ne Spartacus, shugaban bayin da suka yi wa Rum tawaye, ya kafa sansaninsa a shekara ta 73 kafin Miladiyya.

Ba wai babu wanda ya lura da kome ba. Strabo, masanin labarin ƙasa Bagirke, ya rubuta cewa ƙololuwar dutsen launin toka gare ta, duwatsunta kamar wuta ta cinye su, ya kuma yi hasashen cewa a da can wurin yana ci da wuta. Hasashensa daidai ne. A shekara ta 2001 aka haƙo wani ƙauye kusa da garin Nola wanda wannan dutse ya binne kusan shekara 2,000 kafin a binne Pompeii, bukkokinsa da tukwanensa suna nan yadda masu su suka gudu suka bar su. Sai dai shekara dubu biyu ta fi ƙarfin tunanin al'umma. Kaka yakan ba jika labarin fari ko yaƙin da ya gani, jika ya ba nasa jikan, daga nan labarin ya fara dusashewa. Dutsen kuwa da ƙarnoni yake lissafin barcinsa.

Gargaɗi mafi girma ya zo ne a shekara ta 62, lokacin da girgizar ƙasa ta rushe gine-gine masu yawa a Pompeii da Herculaneum. Seneca, wani malamin falsafa na Rum, ya kawo labarinta, har ya ambaci garken tumaki 600 da suka mutu, ya danganta mutuwarsu da gurɓatacciyar iska da ta fito daga ƙasa. Wannan batu bai kamata ya zama baƙo gare mu ba. A daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos na ƙasar Kamaru, wanda ke cikin bakin wani tsohon dutsen aman wuta, ya saki iska mai nauyi da ta gangara cikin kwaruruka ta kashe mutum fiye da 1,700 da dubban shanu. Jerin duwatsun da Nyos ke cikinsa ya miƙo tun daga teku, ya bi ta Dutsen Kamaru, har wani reshensa ya kai tsaunukan Biu. To, mutanen Pompeii dai gyaran gidajensu suka shiga yi, kuma shekara 17 bayan haka ba a gama gyaran ba. Ƙasa ta ci gaba da motsi jefi-jefi har mutane suka saba, suka daina tsorata.

Shaidanmu na farko sunansa Pliny Ƙarami. Yana da shekara 17 a lokacin, yana zaune da mahaifiyarsa a gidan kawunsa, Pliny Babba, a garin Misenum, kimanin kilomita 30 daga dutsen, a ɗaya ɓangaren tekun. Kawun nan shi ne kwamandan rundunar jiragen ruwan Rum da ke wurin, kuma shahararren malami ne da ya wallafa kundi mai juzu'i 37 a kan halittu da al'amuran duniya. Bayan kimanin shekara 25 masanin tarihi Tacitus ya nemi Pliny Ƙarami ya rubuto masa yadda kawunsa ya rasu, shi ne ya aika masa da wasiƙa, daga baya ya ƙara ta biyu a kan abin da ya same shi shi da mahaifiyarsa.

Ga taƙaitaccen abin da ke ciki. Wajen ƙarfe ɗaya na rana mahaifiyar ta hango wani gajimare da ba a saba gani ba, ta nuna wa ɗan'uwanta. Gajimaren ya miƙe sama sambal kamar gangar itace, sa'an nan kansa ya baje, ya yi kama da wata bishiya ta ƙasarsu mai siffar laima. Wani wurin fari ne, wani wurin kuma dabbare-dabbare da ƙasa da toka. Malamin ya sa a shirya masa ƙaramin jirgi ya je ya duba. Yana shirin fita sai ga saƙo daga wata mata mai suna Rectina, wadda gidanta ke gindin dutsen, tana roƙon a zo a cece ta. Nan take ya sauya niyya, ya fitar da manyan jiragen yaƙi don kwaso mutane. Da suka matso gaɓa toka da tsakuwa masu zafi suka yi ta zubo musu, ruwan kuma ya cushe da tarkace har babu wurin tsayawa, sai ya juya zuwa Stabiae, gidan abokinsa Pomponianus. A can ya yi wanka, ya ci abinci, ya kwanta barci, don ya kwantar wa mutane hankali. Cikin dare tsakar gidan ta cika da tsakuwa har ƙofar ɗakinsa ta kusa toshewa, gini kuma yana ta rawa, dole aka tashe shi. Suka ɗaura matasan kai a kawunansu suka nufi bakin teku, amma iska ba ta ba da damar tashin jirgi ba. A nan numfashinsa ya sarƙe ya faɗi. Bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa babu rauni ko ɗaya.

Wasiƙa ta biyu ta fi muhimmanci ga masu ilmin kimiyya. A cikinta ya bayyana yadda da safe ƙasa ta yi ta girgiza har kekunan doki suka kasa tsayawa ko da an tokare su da duwatsu, yadda teku ta ja da baya ta bar halittunta a kan yashi, da kuma yadda wani baƙin girgije ya sauko daga dutsen, ya bi ƙasa, ya rufe teku, ya biyo bayansu yana malala kamar ambaliya. Suka kauce daga hanya don kada a tattake su, duhu ya rufe su, mutane suna ta kiran 'ya'yansu da iyayensu, kowa da murya kaɗai yake gane nasa.

Ya kamata mu yaba wa wannan mutum. Shi ba masanin duwatsu ba ne, lauya ne kuma ma'aikacin hukuma, wanda daga bisani ya riƙe mulkin lardin Bithynia. Amma ya bambanta abin da ya gani da idonsa da abin da aka ba shi labari, ya kuma jera abubuwa bisa lokacin aukuwarsu. Saboda haka ne har yau masana ke kiran irin wannan aman wuta, mai tura toka sama kamar ginshiƙi, da sunan Pliny.

Shaida na biyu ya daɗe bai sami mai sauraronsa ba. Garuruwan sun ɓace, har aka manta ainihin inda suke. A ƙarshen ƙarni na 16 wani magini, Domenico Fontana, ya ratsa kangon Pompeii yana haƙa hanyar ruwa, bai san inda yake ba. A 1709 masu haƙa rijiya suka faɗa kan gidan wasan Herculaneum. Daga 1738 Sarkin Napoli, Charles na gidan Bourbon, ya sa aka shiga haƙa ramuka a ƙarƙashin ƙasa ana fito da gumaka da zane-zanen bango don ƙawata fada, a 1748 kuma aka fara a Pompeii, ko da yake sai a 1763 aka sami rubutun da ya tabbatar da sunan garin. A gaskiya wannan aiki ya fi kama da farautar dukiya. Tokar da ta rufe kayan shara ce a wurinsu, kwashe ta suke yi su zubar, alhali kuwa ita ce takardar da dutsen ya rubuta labarinsa a kai. Wanda ya kawo tsari shi ne Giuseppe Fiorelli, da ya karɓi aikin bayan haɗewar Italiya. Ya raba garin unguwa-unguwa, ya ba kowane gida lamba, ya sa a riƙa haƙa daga sama zuwa ƙasa ana rubuta abin da aka samu. A 1863 ya yi dabarar da ta sa sunansa ya shahara: ya lura da kogunan da ke cikin sandararriyar toka inda gawawwaki suka ruɓe, ya riƙa ɗura musu filasta, in ta bushe a fasa tokar, sai ga siffar mutum yadda ajali ya same shi, har da naɗin tufafinsa.

Kafin mu ji abin da tokar ta faɗa, sai mun san yadda irin wannan dutse ke aiki. Ɓawon duniya faifai-faifai ne masu motsi a hankali. Faifan da ke ɗauke da Afirka yana turawa arewa, gefensa yana nutsewa ƙarƙashin na Turai. Can cikin ƙasa zafi da ruwan da ya nutse tare da shi sukan narkar da dutse, narkakken kuma ya taso ya taru a ƙarƙashin wurare irin su Vesuvius. Cikin narkakken dutsen nan akwai tururi da wasu iskoki a narke, nauyin ƙasa ya danne su, kamar yadda iska ke ɓoye cikin lemon kwalba kafin a buɗe. Idan narkakken dutsen tsinkakke ne, iskar takan fice cikin sauƙi, shi kuma ya malalo a hankali, mai tafiya da ƙafa ma yana iya tsere masa. Idan mai kauri ne, kuma hanyar fita ta daɗe a toshe, ranar da marfin ya fashe iskar takan kumbura gaba ɗaya ta tarwatsa shi, ya zama toka da wata irin tsakuwa mai huji-huji marar nauyi, har tana iyo a kan ruwa. Bari mu kira ta kumfan dutse. Wannan shi ne abin da ya faru a shekara ta 79, ginshiƙin kuma ya kai tsawon kilomita 30 ko fiye.

Zubar toka daga sama kowa ya fahimce ta. Abin da ya daɗe yana ba masu karatu wahala shi ne girgijen nan mai bin ƙasa, domin babu wani masani da ya taɓa nazarin irinsa. Sai ranar 8 ga Mayu 1902, da dutsen Pelée na tsibirin Martinique ya turo wata guguwar toka mai ƙuna ta shafe garin Saint-Pierre cikin 'yan mintoci, ta kashe mutum kusan 28,000. Masanin Faransa Alfred Lacroix ya je ya ga irin guguwar da idonsa ya bayyana ta. A 1980 dutsen St. Helens na Amurka ya ba masana damar ɗaukar hotonta da auna abin da ta bari a ƙasa. Da wannan sani ne Haraldur Sigurdsson, mutumin Iceland, da abokan aikinsa suka koma Vesuvius a farkon shekarun 1980, suka bi tokar hawa-hawa daga wuri zuwa wuri, wasiƙun Pliny suna hannunsu.

Abin da suka karanta shi ne wannan. A Pompeii hawan ƙasa kumfan dutse ne, fari da fari sa'an nan mai ruwan toka, kaurinsa ya kusa mita 3, ya yi kamar awa 18 yana zuba, domin iska ta wajen garin take kaɗawa. Wannan ne ya rushe rufin gidaje, amma ya bar wa mai niyyar gudu lokaci, kuma mafi yawan mutanen garin sun fita. Cikin dare ginshiƙin ya yi nauyin da iska ba ta iya ɗauka, ya fara karyewa yana ruftowa, kowace ruftowa ta zama guguwar toka da iska mai zafi da ke gangarowa da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa. Sun ƙirga irin wannan guguwa sau shida. Ta farko Herculaneum ta afka wa. Waɗanda suka biyo baya suka ƙara nisa, da safe suka haura ganuwar Pompeii, ta ƙarshe kuma ita ce ta doshi Stabiae ta kuma bi kan teku, wato girgijen da saurayin nan ya gani a bayansa. Gawawwakin Pompeii sun gaskata wannan jeri: daga cikin fiye da 1,000 da aka haƙo, kusan 400 suna cikin kumfan dutse, galibi waɗanda gini ya faɗa wa, kimanin 650 kuwa suna sama da shi, cikin tokar guguwar. Waɗannan su ne suka ɓuya a ɗaka suka tsira daga kashin farko, da suka ji zubar tsakuwa ta lafa wasunsu suka fito, ajali ya riske su a kan hanya.

Herculaneum ma ya gyara wani tsohon zato. Da yake ƙasusuwa kaɗan aka samu a cikin garin, an daɗe ana cewa mutanensa sun tsira, taɓo ne kuma ya binne shi daga baya. Daga 1980 aka fara haƙa tsohuwar gaɓar tekun garin, a ƙarƙashin toka mai kaurin mita 20, aka tarar da ƙasusuwan mutum kimanin 300 cunkushe a ɗakunan ajiye kwale-kwale, suna jiran jirgin da zai kwashe su. Zafin da ya same su an kiyasta ya kai digiri 400 zuwa 500. Zafin nan ne kuma ya mai da naɗaɗɗun littattafai kusan 1,800 na wani babban gida gawayi, da haka suka tsira daga ruɓewa. A 2023 aka fara karanta rubutun cikinsu da na'urar ɗaukar hoton ciki da kwamfuta, ba tare da an warware su ba.

Akwai wuri ɗaya da shaidun biyu suka saɓa, wato ranar da abin ya faru. Kwafin wasiƙar da aka fi dogara da shi ya ce 24 ga Agusta, wasu kwafe-kwafen kuma sun kawo wasu ranaku dabam. Duk wanda ya taɓa aiki da tsofaffin littattafanmu na ajami ya san yadda mai kwafi kan tsallake kalma ko ya canza lamba. A cikin tokar kuwa an sami rumman da sauran 'ya'yan itace na kaka, da kaskon jin ɗumi, da randunan ruwan inabi da aka riga aka liƙe. A 2018 aka gano wani rubutun gawayi a bangon wani gida mai ɗauke da 17 ga Oktoba, sai masana da yawa suka karkata ga 24 ga Oktoba. Wasu kuma suna nan a kan Agusta, suna cewa rubutun bai faɗi shekara ba, gawayi kuma yana iya daɗewa a bango.

Ga ma'aikatan hukuma da ke zauren nan, abin da ya biyo bayan bala'in ya cancanci a duba shi. Sarki Titus bai daɗe da hawa gadon mulki ba. Ya naɗa manyan jami'ai biyu don farfaɗo da Campania, ya kuma ba da umurni a yi amfani da dukiyar waɗanda suka mutu ba magada wajen sake gini. Masanin tarihi Steven Tuck ya bi sunayen zuri'o'in Pompeii da Herculaneum a rubuce-rubucen kaburbura, ya same su sun sake bayyana a Napoli da Cumae da Puteoli da Ostia, inda 'yan gudun hijirar suka zauna. Titus agaji kawai ya iya bayarwa, don ba shi da hanyar sanin abin da ke tafe. Hukumomin zamaninmu suna da ita, amma ba kullum take amfani ba. A Kolombiya masana sun zana taswirar haɗarin dutsen Nevado del Ruiz tun kafin ya yi amai ranar 13 ga Nuwamba 1985, taswirar ta nuna garin Armero yana kan hanyar taɓo, ba a kwashe mutane ba, kusan 23,000 suka halaka. A Filifin kuwa, a 1991, an saurari masu sa ido a kan dutsen Pinatubo, aka kwashe dubun-dubatar mutane kwanaki kaɗan kafin fashewarsa. A ganina kayan awo ba su ne suka bambanta wuraren biyu ba, abin da ya bambanta su shi ne ko mai sa hannu a takardar umurni ya yarda ya ɗauki nauyin tayar da gari guda alhali sama tana garau.

Vesuvius bai mutu ba. A 1631 ya kashe mutum fiye da 3,000. A 1841 Sarki Ferdinand na Biyu ya kafa gidan sa ido a jikinsa, wanda shi ne irinsa na farko a duniya, a nan ne kuma Luigi Palmieri ya ƙera na'urarsa ta auna girgizar ƙasa a 1856. Amansa na baya-bayan nan ya auku a watan Maris 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya cinye garin San Sebastiano ya kuma lalata jiragen saman Amurka masu yawa da ke ajiye kusa da shi. Tun daga lokacin ya yi shiru, hanyar fitarsa ta sake toshewa. Gwamnatin Italiya ta keɓe ƙananan hukumomi 25 da ke kewaye da shi a matsayin yankin haɗari mafi tsanani, mai ɗauke da mutum kusan 700,000, ta haɗa kowacce da wani lardin ƙasar da zai karɓi mutanenta. Shirin ya ginu ne a kan amai irin na 1631, ya kuma tanadi a kwashe kowa da kowa cikin awa 72 daga lokacin da aka ba da sanarwa.